Iskar da Ta Ɓace Daga Ƙwallayen Alhaji Barmo

Jiya bayan azahar, rana ta take, ko ganye ba ya motsi a bakin titinmu, na jingina da wata tsohuwar tayar mota a rumfar facina, barci ya ɗauke ni. A nan na yi wani mafarki da har yanzu nake juya shi a raina. Ni karatuna bai yi nisa ba, don haka yadda na gani haka zan faɗa.

Na tsinci kaina a bakin wani ƙaton filin ƙwallo, ina rungume da bahon ruwan da nake tsoma robar taya in nemo huda. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa ya nufi sama, shi ya sa kowa ya juya lemarsa ya tsaya a cikinta. Na tambayi wani mai gyaɗa ko ina ne nan. Ya ce Amurka ce, amma ta bayan Gusau.

Ƙwallon da suke bugawa ba irin tamu ba ce. Doguwa ce kamar gwanda, da ɗinki a cikinta kamar an yi mata aiki a asibiti. Sunanta ƙwallon ƙafa, amma rungume ta ake yi a gudu da ita, sauran kuma su bi mutum su danne. 'Yan wasan ƙarti ne, an cusa musu matashi a kafaɗu, kowa da hular kwano mai waya a gaba kamar kejin kaji. Can sama da kan 'yan kallo akwai jerin ɗakunan gilas. Mai gyaɗa ya ce a nan masu ƙungiyoyin suke zama, kuma ruwa ba ya taɓa su, domin ɗakunan suna da daɓe.

Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni a ofis. A ƙofar an rubuta Sashen Ladabtarwa. Wani bunsuru mai tabarau yana zaune bayan tebur yana buga hatimi a kan takardun da ba a rubuta komai a kansu ba.

"Kai ne mai facin?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Sallau."

"Madalla. Mun gama bincike tun da safe, saura ka zo ka yi shi."

Ya yi mini bayani yana tuƙa. Iska ce ta ɓace daga cikin ƙwallaye goma sha biyu na ƙungiyar wani attajiri, Alhaji Barmo. An riga an samu mai laifi, wani ɗan wasa ne, Namadi. Idan la'asar ta yi za a karɓi hular kwanonsa a rataye a ƙusa, kuma wanda aka rataye hularsa ba ya sake taka filin har ya mutu. Ni aikina in duba in ce haka ne.

Na dubi bangon. Ƙusoshi ne tun daga ƙasa har rufi, kowace da hular kwano, wasu har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki.

Na ce, "Duk na 'yan wasa ne?"

"To na wa za su zama?"

"Na ɗauka ko manyan ma sukan yi kuskure."

"Sukan yi, kuma muna hukunta su sosai," in ji bunsurun. "Bara ma mun dakatar da kujerar wani har wasa huɗu. Dole ya zauna a ta kusa da ita."

Namadi yana can kan benci a lungu, ya ɗora hular a cinya ya riƙe ta da hannu biyu. Ƙato ne, amma gwiwarsa ta hagu a naɗe take da tsumma, kuma furfura ta fara fito masa a gefen kunne. Na yi masa sallama ya amsa a hankali.

"Ɗan'uwa, kai ne za ka duba?"

"Ni ne."

"Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar ƙwallon nan ina gudu, ban taɓa tambayar abin da ke cikinta ba." Ya shafa hular. "Ban iya wata sana'a ba. Abin da na iya shi ne a kayar da ni in tashi."

Na ajiye baho na fara aiki yadda na saba. Sai da na danne ruwan da tafin hannu don kada ya tashi sama, sannan na tsoma ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya, ina juyawa ina kallo. Ko ƙwayar kumfa babu. Wato ba huda ba ce. Ta baki aka zare iskar, da allura, kuma hannun da ya yi aikin bai yi gaggawa ba, hannun wanda ya san ba mai shigowa ya same shi ne.

A ƙasar nan duk wanda ya sha iskar da ba tasa ba, in ruwa ya taɓa shi sai ya yi kumfa. Ban san wanda ya koya mini haka ba, amma a mafarkin na san shi kamar sunana. Na tsoma hannun Namadi har gwiwar hannu. Ruwan ya kwanta lumui. Na rubuta haka a takarda da ɗan rubutun da na iya, na miƙa wa bunsurun. Ya karanta, ya gyaɗa kai, ya cinye ta.

"Ta shiga ma'ajiya," in ji shi.

Na tsoma sauran 'yan wasan. Na tsoma alƙalin wasa da mai shara da mai gyaɗa. Har kofaton bunsurun na roƙa na tsoma. Ba kumfa. Inuwa kuwa ta fara tsawo, wani ɗan akuya ya riga ya kawo guduma da sabuwar ƙusa.

Na ce, "Saura mutum ɗaya, ranka ya daɗe. Mai ɗakin can na sama."

Bunsurun ya cire tabarau ya goge da kunnensa. "Doka ba ta hana ba. Ba a dai taɓa yi ba." Ya rage murya. "Kuma shi ke aiko mana da dusa."

Matakalar ɗakin gilas ƙasa take gangarawa, amma duk takun da na yi sai in ga filin ya ƙara nisa a ƙarƙashina. Na tuɓe rigata na rufe bakin bahon don kada ruwan ya gudu. Ni ko ofishin ƙaramar hukuma ban cika son shiga ba.

A cikin ɗakin shiru ne, ba ka jin ihun 'yan kallo, 'yan wasan kuma kamar cinnaku a faranti. Alhaji Barmo mutum ne mai fara'a, kumbure sumul cikin babbar riga, an ɗaure shi da zare a jikin kujera domin ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa sosai.

"Samari, daga ina?"

"Daga ƙasa, ranka ya daɗe. So nake ka ɗan sa hannu a ruwan nan."

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba. "Ka san ko ni wane ne?"

"Ban sani ba sosai. Ni dai tayar kowace mota aka kawo, a ruwan nan nake sa ta."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya nuna lungu da leɓe. Wani injin bayar da iska ne sabo fil, ja, ko ledarsa ba a cire ba, irin wanda nake tsayawa ina kallo a shago in wuce.

"Ɗauka ka sauka da shi. Yaron can dama gwiwarsa ta gama aiki, baɗi ma sallamarsa zan yi. Me ya ragu?"

Ba zan yi ƙarya ba, na kalli injin nan. Na ma hango inda zan ajiye shi a rumfa, da yadda zan yi masa rufi saboda damina. Sai na leƙa ƙasa ta gilas. A cikin cinnakun nan akwai guda ɗaya da ba ya motsi, yana zaune a kan benci shi kaɗai. Daga nan sama ba a ganin furfurarsa ko tsumman gwiwarsa, kuma na gane cewa Alhaji bai taɓa ganinsu ba. Wataƙila ba mugu ba ne. Nisa ne ya yi masa yawa.

Na ce, "Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe." Na janye rigata daga bakin bahon.

Ruwan ya tashi a hankali, yadda ruwan ƙasar yake yi, ya bi ta ƙafafunsa ya haura. Sai kumfa. Ta aljihu, ta hannun riga, ta kunne, har ta ƙarƙashin zobensa. Ɗakin ya cika da tsiii irin na taya mai ƙusa uku. Yana raguwa ina kallo, har tafin ƙafarsa ya sauka a daɓe.

"Nan sama iska ba ta isa," in ji shi, muryarsa ta zama ƙarama. "Duk layin ɗakunan nan haka kowa yake yi. Kuma ƙwallayena ne. Filina ne. Shi kansa yaron nawa ne."

"Iskar fa?"

Ya kau da kai, yana tattare bakin babbar rigarsa.

Sai ga mu a tsakiyar fili, an kafa tebur, awaki bakwai sun zauna suna shawara. Dubban mutane sun yi tsit a cikin lemominsu. Bunsurun ya miƙe ya ce an wanke Namadi, hularsa tasa ce, a mayar da ƙusa cikin akwati. Game da Alhaji kuwa, sun yanke a dakatar da agogon hannunsa wasa biyu.

Ban yi niyyar magana ba, bakina ne ya riga ni. "Ranka ya daɗe, da Namadi ne, rayuwarsa za a rataye. Shi kuma agogo?"

Awakin suka dubi juna. Wata tsohuwar akuya a ƙarshen tebur ta jawo littafin dokar, wanda duk an cinye shi sai shafi ɗaya.

"Wannan ɗaci gare shi, shi ya sa ya rage," in ji ta. Ta karanta: wanda ya ɗauki iskar ƙwallo, kowane ne shi, zai ɗauki ƙwallon da kansa sau ɗaya.

Aka miƙa wa Alhaji Barmo ƙwallo. Ya tsaya a kan ciyawa yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kamar bai san tana da laushi ba. Babbar rigar ta yi masa yawa, hularsa ta dara kuma ruwa ya ɗauke ta ya yi sama da ita. A gabansa ƙarti goma sha ɗaya suka jeru suka duƙa, suna huci ta cikin waya. Ya waiwaya wajen ɗakunan gilas. Sauran masu ƙungiyoyin duk sun ja labule.

Na ji tausayinsa, ban san dalili ba. Kansa ƙarami ne, da sanƙo a tsakiya.

Namadi ya taso daga benci yana ɗingishi. Ya ratsa filin bai kalli kowa ba, ya zo ya kifa wa Alhaji hular kwanon nan da aka bar masa yanzu-yanzu, ya ja maɗaurin ya ɗaure masa a haɓa.

"Ta matse ni," in ji Alhaji, idonsa na kan ƙartin.

Namadi ya sassauta masa rami ɗaya, ya gyara masa riƙon ƙwallon, ya koma gefe ya tsaya kai ba hula.

Alƙalin wasa ya sa usur a baki ya busa. Ya yi ta busawa, ƙarar ta ƙi yankewa, har na buɗe ido. Wani mai adaidaita sahu ne ya tsaya a gaban rumfata ya danne hon, tayar bayansa a kwance.

"Mai faci, barci kake yi da rana tsaka?"

Na ce masa ga ni nan. Na tashi na jawo baho.