Gawa Mai Jar Riga

Aikina a gidan kallon Shu'aibu, can bakin kasuwar Gangara, shi ne in tsaya kusa da tele da mikro a hannu ina faɗa wa mutane abin da Turawan fim ke cewa. Ɗan Faransancin da na tsinto a lakol, wato makarantar boko, shi ke ci da ni. Inda na ji in fassara, inda ban ji ba in cike da nawa, kuma ban taɓa jin an kawo ƙara ba.

Wata ranar kasuwa Shu'aibu ya dawo daga Maraɗi da sabon fim, yana ta rawar jiki. Wai matattu ne suka tashi suna cin masu rai. Ya ja ni gefe ya ce, "Gado, yau za mu gani. In mutane sun kalli wanga ba su bukace ka ba, to sai haƙuri." Na san ba wasa yake ba, don tun damina yake kallona kamar akuyar da ta daina haihuwa.

Bayan azahar rumfa ta cika, aka saki labule, aka kunna. Gaskiya an zuba dukiya a fim ɗin nan. Benaye na rugujewa, jirage na faɗowa, gawarwaki na hawa kan juna kamar tururuwa har su tsallake ganuwa. Amma labari babu ko ɗigo. Jarumin ba a san uwarsa ba balle garinsu, daga "ku gudu" sai "ku harba". Na fassara "ku gudu" har na ji kunyar kaina, na sauke mikro. Ko mutum ɗaya bai waiwayo ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Can sai wani Bafulatani da ke bencin gaba ya ɗaga hannu, sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Jaye ake ce masa, yakan kawo tumaki kasuwa. Ya nuna wata gawa mai jar riga a tsakiyar dubbai.

"Malam, wancan mai jan riga, ɗan wa ne?"

Aka fashe da dariya. Ni kuwa na ga ƙofa ta buɗe, na ɗaga mikro. Na ce sunansa Muttaka, ya baro tsohuwarsa a ƙauye ya shigo birni neman aiki, rigar nan ita ta saya masa ranar da zai tafi. Na ce ba cizo ya fito yi ba, hanyar gida yake nema, ta ɓace masa. Dariya ta fara raguwa. Sai ga mutane suna leƙen jar riga cikin taron, in ta ɓullo a ce ga shi can.

Ba a jima ba jarumin ya harbe shi a ka, ya yi wani ɗan barkwanci, ya haye jirgi. Jaye ya cire malfa ya yi salati, wasu suka taya shi. Muka jira a dawo kansa, ko zane a rufa masa. Fim ya wuce wata ƙasa abinsa.

Daga nan tafi ya ɗauke. Wani dattijo a baya ya ce, "To sauran hwa? Su ma ai ɗiyan wasu ne." Kafin fim ya ƙare rabin rumfa ta watse.

Shu'aibu ya karɓe mikro daga hannuna. "Mutane sun zo nishaɗi, ka maida mini wuri zaman makoki. Tahi abinka."

Bayan la'asar ya sake kunnawa, babu ni. Ina zaune a gindin bishiyar bedi ina jin ihu da tafi irin wanda ban taɓa samu ba duk zamana a wurin. Ta fuskar sana'a Shu'aibu ya fi ni gaskiya, na sani, amma sanin bai rage mini baƙin ciki ba.

Sai ga Jaye ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya ce ƙanensa Usmanu ya tafi haƙar zinariya Jado tun bara waccan, har yau ba rai ba gawa. Ya kalli ƙasa.

"Uwar Muttaka, an kai mata labari?"

Na buɗe baki zan ce masa duk ni na ƙirƙira, ya riga ni.

"Na sani, kai ka shirya. Amma dai ƙarasa."

Na gyara zama. Na ce, "An kai mata. Abokin tahiyarsa ne ya je har gida, ya iske ta tana sussuka."

Jaye ya ajiye sanda, ya matso.