Kabari a Jikin Bango

Datti bai gama wanke ƙafa ba tsakar gidansu da ke Gude ya cika maƙil. An koro shi daga Sifaniya, kowa kuma yana son jin yadda ƙasar take. Har daga Unguwar Tudu aka zo. Wannan ya tambaya ko suna cin tuwo, wancan ko jakunansu irin namu ne. Zubaidatu kuwa da ƙafa ta tako daga Mainika, ta raɓe a bayan rumbu. Mijinta Badamasi tare da Datti ya tafi, shekarar da taki ya gagari talaka, daga baya aka daina jin ɗuriyarsa.

Datti ya ce inda suka zauna ƙauye ne a kan dutse, bai ma kai Gude ba, da 'yan unguwanni kewaye da shi. Gidaje reras, amma galibi a garƙame. Samarin duk sun gudu birni, an bar tsofaffi da tumaki da itatuwan zaitun, makaranta ma an rufe don babu yara. Aka kwashe da dariya. Ashe inda samarinmu ke ƙarewa a sahara don su kai, 'ya'yan wurin gudunsa suke yi! Wata tsohuwa ta ce to ai kamar nan ke nan. Dariyar ta tsaya.

Sai da aka watse Zubaidatu ta matso ta durƙusa. Aka gaisa, aka sake gaisawa.

"Malam Datti, abokin tafiyarka fa?"

Datti ya ce sanyi ne ya kama wa Badamasi ƙirji a garken tumaki, ya cika a hannunsa. Shi ya yi masa wanka, shi kaɗai ya sallace shi. Tsofaffin nan sun yi kirki, wata har farin zanen gadonta ta bayar aka yi likkafani. Sai dai su can ba sa haƙa ƙasa. Wani dogon bango ne da ramuka a jere, hawa-hawa kamar ɗakin tattabaru, a tura akwati a liƙe da siminti. Badamasi yana layin sama.

Hawaye na zuba, amma tambayoyi ne suka cika mata baki. Da tsani ake hawa? Ruwa na shiga? Ya fuskanci gabas? Datti ya ce wallahi wannan ɗin bai sani ba.

* * *

Hajjo, uwar Badamasi, ta ce sam. Ita ɗanta ba tattabara ba ne da za a cusa a bango. Datti ƙarya ya shirya don kada a tambaye shi inda ya yar da ɗan mutane. Ta hana zaman makoki, ta hana sadakar uku, mai zuwa ta'aziyya tun daga zaure take mayar da shi.

Zubaidatu ta tafi kotu a Gwarzo. Shari'a sabuwa ce fil a lokacin, kowa na cewa yanzu mata za su sami gata. Alƙali ya saurari Datti da kyau, shi ma har ya tambayi tsawon bangon. Sannan ya ce tunda uwa ta musa, shaida ɗaya bai isa ba, a kawo na biyu. Daga ina, fisabilillahi? Sauran waɗanda suka gani tsofaffin Nasara ne a ƙetaren teku. Alƙali ya ce to sai ta jira shekarun da aka yanka wa matar wanda ya ɓata, lissafi daga yau.

Ta fito ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Abin ya ci mata rai ƙwarai, don ita ta yarda da Datti. Mai ƙarya ba zai iya ƙago bangon nan ba.

* * *

Da la'asar ta shiga ɗaki ta yanke wa kanta hukunci. Za ta yi masa takaba ko ba wanda ya sani. Ta wanke kwallin idonta, ta cire 'yan kunnenta ta ajiye a kan tabarma.

Hajjo ta ɗaga labule, ta dubi tabarmar, ta dubi kunnuwan. Ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa da ƙyar ta tsince su.

"Mayar da su, 'yar nan. Kada mutane su ce wani abu ya same shi."

Zubaidatu ta karkato mata da kai. Tsohuwar ta yi ta lalube, ta kasa gano hujin kunnen.