Ranar da Habi Ta Kira Ayuba

Shekara ashirin da biyu Habi ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta ba. Ɗan fari ne, kuma uwa mai kunya ba ta kiran ɗan fari. In tana son sa sai ta ce "kai, wannan," in ana maganarsa ta kau da kai kamar ana zancen ɗan maƙwabta. Ko ranar da aka tafi da shi soja, tana daka a bayan rumbu, ba ta fito ba. Mata suka yaba, suka ce Habi ta cika 'yar mutunci. Ba wanda ya ga ta dake gero har ya zama gari ba ta sani ba.

Yadda aka yi ya tafi kuwa, kowa a ƙauyen nan na gabas da Gangara ya sani, kowa kuma ya iya yin shiru. Nasara ya nemi samari, sunan Balarabe ɗan maigari Chindo ya fito a takarda. Chindo ya duba gari, ya ga Ayuba ɗan marigayi Jaye, maraya, ba uba ba baffa mai baki. Aka ce masa in an kira Balarabe wurin ɗaukar soja a garin Agiye ya amsa. Nasara ai bai san fuskar kowa ba. Ayuba ya amsa, aka ba shi jar hula, aka kai shi yaƙin Aljeriya, can harsashi ya same shi da sunan wani.

Bayan an samu mulkin kai, da kaka, sai ga komi, wato magatakardan gwamnati, daga ofishin Agiye a kan doki, da takarda da lambar girma a ɗan akwati. Ya ce za a karrama mamacin a garinsu, a yi masa addu'a. Tun da hantsi aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin gawon ƙofar maigari. Habi ta toya kwando guda na masa don sadaka, ta zauna can baya cikin mata.

Kafin a fara, Chindo ya sa aka kira ta gefe. Ya tsufa, amma har yanzu yana magana kamar mai rabon gona.

"Habi, abin da ac cikin takarda shi za a karanta. Allah ya san wanda aka nuhi. Kada ki tada muna tsohon zance gaban baƙo."

Ta ce, "Na jiya, ranka shi daɗe." Ta koma ta zauna.

Komi ya miƙe ya karanta da Faransanci, sannan ya juya da Hausa: soja Balarabe Chindo ya faɗi a fagen daga, namiji ne. Abin dariya, abin kuka! Ga Balarabe nan zaune a tabarmar gaba, ya yi ƙiba, yana tauna goro, ana yabon mutuwarsa. Ya dai sunkuyar da kai. Maza suka yi ta kallon ƙasa kamar sun yar da allura.

Malam Shu'aibu, limamin gari, ya ɗaga hannuwa. Muryarsa ta yi ƙasa. "Allah ka jiƙan bawanka Bala..."

"Malam, dakata."

Habi ce. Ta tashi, ta ratsa ta tsakanin mata, ta taka har bakin tabarmar maza, inda ba ta taɓa tsayawa ba. Tsoro take ji ƙwarai, amma ba tsoron Chindo ba. Tsoron abin da bakinta zai faɗa take ji.

"Wa za ka yi ma addu'a?" in ji ta. "Wanga da ke cin goro? In shi ne, ku bari shi gama taunawa tukuna."

Wata tsohuwa ta ja mata zane daga baya. "Ke Habi, zamna! Ɗanki na hwari ne hwa. Ki bari wani shi yi magana."

"Wa? Shekara huɗu ina jiran wani shi yi magana."

Komi ya dubi maigari, ya dubi takardarsa. Ya ce, "Inna, mi ne ne? Ba wanga ne sunan mamacin ba?"

Chindo ya zare mata ido. Habi ta buɗe baki za ta faɗi sunan. Ta daɗe tana riƙe da shi a ciki, har ta ɗauka ba zai fita ba. Ta tuna ranar suna, tana ɗaki liman na raɗa masa a kunne. Ta tuna shi yana ɗan shekara bakwai, ya faɗo daga kan jaki ya fasa goshi, ta bar kishiyar uwarta ta ɗauke shi don kada a ce ta nuna so. Duk wannan kunyar ta yi ta ne don a ce an haife shi a gidan mutunci. To, ga abin da mutuncin ya jawo masa.

"Ayuba," ta ce.

Mata suka yi salati. Wata ta rufe baki da mayafi.

"Ayuba sunanshi. Ayuba ɗan Jaye. Ni na haihe shi, a ɗakin can aka binne cibiyarshi. Ayuba!"

Na ƙarshen da ƙarfi ta faɗa, kamar mai kiran yaro daga gona, har awakin da ke bakin rijiya suka ɗaga kai.

Komi ya share gumi. Ya ce takarda daga Faransa ta zo da hatiminta, shi ba shi da ikon canza ko harafi ɗaya. Ya miƙo mata akwatin lambar, wai ko ta huce.

Ta karɓa, ta juya, ta aje a cinyar Balarabe. "Riƙe kayanka. Kai ka mutu a takarda." Sannan ta fuskanci liman. "Takarda ta koma Faransa. Addu'arka hwa, malam, ita ma can za ta?"

Malam Shu'aibu ya daɗe hannuwansa a sama. Shi ya raɗa wa yaron suna, kowa ya sani. Chindo ya yi gyaran murya, ya ƙara yi. Liman bai dube shi ba.

"Allah ka jiƙan bawanka Ayuba ɗan Jaye," ya ce.

Amin ɗin farko daga bayan mata ta fito, 'yar siririya. Sai ta bazu cikin maza. Chindo ya tashi ya shige gida, babu wanda ya bi shi.

Habi ba ta tsaya rabon masa ba. Ta kama hanyar gida ta cikin karan gero, mayafinta ya zame ba ta gyara ba. Tun daga ranar mata suka daina kawo ta a misalin kunya, ita kuwa ko a jikinta. Wanda ya gamu da ita a hanyar nan ya ce hawaye take, bakinta na motsi. Sunan take ta faɗa, tana sake faɗa, na shekara ashirin da biyu da ba ta faɗa ba.