Wuta-wutar Malam Sabo

"Ba wannan ba," in ji Malam Sabo. "Mai fure nake so, su gani da idonsu."

Ummukulthum ta koma gonar bayan gida, ta tumɓuko wata wuta-wutar daga gindin dawa. Da ta dawo zaure ta same shi jingine da bango, yana jan numfashi da ƙyar.

Tsohon malamin kimiyya ne, katanga ce kawai ta raba gidajensu. Tun da ya yi ritaya, duk inda ɗan siyasa ya sauka a ƙasar Minjibir sai ya je ya danƙa masa wannan ciyawa mai shanye dawa da gero, ya ce gwamnati ta ƙara wa bincike kuɗi, ta gina ɗakunan gwaji a makarantu, ta ɗauki injiniyoyi. A yi dariya, a jefar. Shi kuwa ya tsince ta ya ƙona, don kada irin ya bazu. Har samari suka sa masa Sanatan Ciyawa.

Yanzu ɗan majalisarsu, Alhaji Abdulkabir, zai zo buɗe kwalbati, ƙafar Malam kuma ta ƙi. Ya ce Ummukulthum ce za ta kai ciyawar, tunda ita ta karanta injiniyan noma.

"Malam, ni fa ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba."

"Wa ya ce ki ɗaga? Miƙawa za ki yi."

Ta sunkuyar da kai, ba ta ce to ba. Bai sake tayar da maganar ba har ya cika, ranar Talata bayan la'asar, ciyawar na soke a jikin asabarin zaure.

Aka ɗage bikin kwalbati. Ran sadakar uku ɗan majalisar ya zo ta'aziyya, ya shigo har tsakar gida gaida matar mamacin, Inna Sauda. Aka ce Ummukulthum ta kawo wa baƙo gumba. Ta tsaya a zaure da faifai a hannu. In ta wuce, shi ke nan, an binne maganar tare da mai ita. Ta zare ciyawar, duk ta yi yaushi, ta ɗora gefen gumbar.

Alhaji Abdulkabir ya duba faifan, ya yi murmushi.

"Ashe Malam bai daina ba."

Tana durƙushe, idonta a ƙasa, ta faɗa masa cewa makarantar garin ba ta da ɗakin gwaji, masu binciken irin da zai jure wa wuta-wuta kuma ba su da kayan aiki. Ya ce in sha Allahu za a duba, ya shafa fatiha, ya fita.

Da motoci suka tashi, ta tarar da ciyawar a ƙofar gida, kusa da sawun taya. Ta tsince ta, ta kai murhu.

"Har ke ma?" in ji Inna Sauda, tana gyara itace. Can ta ƙara da cewa ta ji wai Asabar akwai taron 'yan siyasa a Gezawa.

Ummukulthum ta kalli ciyawar tana cin wuta. Ta saman katanga ana hango gonar Malam, furanni ruwan hoda sun cika gindin dawa.