Mai Begila a Kan Gada

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da Malam ya buga littafinsa na tarihin yaƙin gada, kuma har yau shi ake karantawa a makarantu. Babin da kowa ya haddace shi ne na mai begila, sojan da ya tsaya tsakiyar gada yana busa, harsashi na zuba, har 'yan'uwansa suka gama tsallakewa.

Ba a taɓa yin wannan soja ba. Malam ne ya ƙirƙiro shi yana ɗan shekara talatin, don babin ya yi masa lami.

Yanzu za a sake buga littafin, shi kuwa yana so ya cire mutumin kafin ya koma ga Mahaliccinsa. Mai kamfanin ɗab'i ta ce sam.

"Kawo mini wanda ya tsallake gadar ya ce babu shi, sai in cire."

Mutum ɗaya ya rage a raye, wani tsohon kofur. Malam ya same shi a ɗaki mai taga ɗaya, ƙafafunsa cikin robar ruwan ɗumi, 'yarsa na yanke masa farce. Malam ya ajiye rikoda a kan tebur.

"Baba, mai begilar nan, ka gan shi?"

"Kamar yadda nake ganinka."

"Baba, ai ba ka ganinsa," in ji 'yar.

"Ke, rufe mini baki. Begila a hannun dama, hularsa ta faɗa ruwa, bai ko waiwaya ba."

Malam ya gane maganar. Jimlarsa ce ta cikin littafin, ko harafi bai canza ba.

"Kullum sai na karanta masa babin, tun da idonsa ya tafi," in ji 'yar. "Da can, ana ambaton gada sai ya tashi ya bar wurin. Yanzu ko mai gyaran famfo sai ya sha labari."

Malam ya matso da kujera. "Baba, ka yafe mini. Ni na ƙirƙiro shi."

"Kai? Kana can ne? Lokacin ko wando ba ka iya ɗaurawa ba! Da kunnena na ji busar."

"To, kafin littafina, me kake tunawa?"

Kofur ya sunkuyar da kai. Ruwan robar ya fara kaɗawa, don ƙafarsa rawa take.

"Akwai wanda ya riƙe mini ƙafa," ya ce a hankali. "Namu ne. Yana kiran sunana. Sai na..."

"Malam, kashe abin nan," in ji 'yar. Ya kashe.

Ta raka shi bakin ƙofa, abin yankan farcen na hannunta har yanzu.

"Cire shi daga sabon in ka ga dama. Mu tsohon bugu gare mu, shi zan ci gaba da karanta masa. Kada ka dawo."

Yana bakin titi yana jiran mota, sai mai ɗab'i ta kira.

"Yaya, me tsohon ya ce?"

"Ya ce ya ji busar."

"Ka ji ko! Kai da ka rubuta ma har ka fara mantuwa. Gobe zan tura wa masu injin bugawa."

Malam ya buɗe baki zai faɗa mata maganar ƙafar, sai ya tuna shi ne ya kashe rikodar da hannunsa.

"Tura," ya ce.