Matajin Don Anselmo

Almakashi na tsakiyar aiki a ƙeyar Don Casiano sa'ad da akun da ke rataye a bakin ƙofar shagon ya sake ɗauko waƙar. Ya bi ta tiryan-tiryan, yadda yake jin ta kowace safiya, har ya iso inda take hawa sama. Nan ya sako wata murya da ba ta kai ba, ta tsaya ƙasa-ƙasa kamar ƙofar da ta ƙi rufuwa.

"Ka ji ko?" in ji Don Casiano daga cikin farin ƙyallen da aka ɗaura masa a wuya. "Har tsuntsu ya haddace kuskurenka. Shekara biyu kana azabtar da unguwa, Anselmo."

"Daina motsi, tsoho, kar in rage maka kunne."

"Rage mini duka biyun, in huta da kiɗanka."

Anselmo ya yi dariya, amma idonsa na kan madubi. A cikinsa yana hango Malama Nélida, 'yar Don Casiano, zaune a benci da jaka a cinya. Tsohon kullum da ƙafarsa yake zuwa aski, bai taɓa neman rakiya ba. Tunda ta biyo shi yau, Anselmo ya san abin da ya kawo ta.

Shekara arba'in yana aski a wannan shago da ke fuskantar majami'a. Duk yamma yana jin makaɗan majami'ar suna gwaji, kuma a cikin kayan kiɗansu ɗaya ne yake tsayar masa da almakashi: celo, babban gogen nan da ake tokarewa a ƙasa a rungume tsakanin gwiwoyi. A kunnensa muryarsa irin ta mutumin da aka jiƙa wa fuska da ruwan ɗumi ce, yana gunaguni don daɗi. Da Malama Nélida ta buɗe ajin koyon kiɗa na manya a majami'ar, ya je yana da shekara sittin da ɗaya, aka ba shi aron goge ɗaya, na katakon al'ul, mai tabo a gefe kamar taswirar wani kogi.

Komai ya tafi sannu a hankali har suka zo kan miƙa yatsa. Akwai muryoyin da hannun hagu ba ya kaiwa a zamansa na kullum. Sai manuni ya tsaya inda yake, sauran yatsun su ɗan matsa gaba, har ƙaramin ya sami wurin. Waƙar da za a yi ranar idin waliyyin gari tana da irin wannan sau uku. Anselmo yakan miƙa ƙaramin yatsan har jijiya ta tashi a wuyan hannunsa, muryar kuma ta ƙi kaiwa. Makon jiya hannun ya kumbura, nas ta ce ya ajiye kiɗan. Saura kwana shida idi. Wanda bai shiga sahun makaɗa ba, dole ya mayar da gogen, akwai masu jira.

"Don Anselmo," in ji Malama, "yaya hannun?"

"Da sauƙi, Malama. Sanyin kudu ne kawai."

"Sanyin kudu bai kumbura nawa ba," in ji Don Casiano.

"Baba, don Allah." Ta gyara jakar a cinyarta, ta dubi Anselmo. "Na zo ne mu yi magana in ka gama. Ba na son in zama sanadin da za ka rasa hannun da kake cin abinci da shi."

"Na gane," in ji Anselmo.

Ya koma kan aikinsa. Kan Don Casiano yana da mazaunin gashi biyu a tsakiya, ɗaya na juyawa dama ɗaya hagu, abin da Anselmo bai gani ba sai a kai uku tun da ya fara aski. Yakan ce masu irin wannan kai tunani biyu suke yi lokaci ɗaya. Yau ya dube su bai ji komai ba. Ya taje gashin sama, ya cafe shi tsakanin manuni da na tsakiya, ya maƙale matajin a babban yatsan hagu, ya datse. Ya sake tajewa, ya cafe, ya maƙale, ya datse. Zuciyarsa tana can bayan labule inda gogen yake jingine da bango. Yana tunanin yadda zai ɗauke shi ya tsallaka fili da shi ya mayar majami'a, mutane na gaishe shi.

"Tsaya."

Malama ta miƙe, jakar ta faɗi ba ta kula ba. Ta zo ta tsaya a gefensa tana kallon hannunsa na hagu.

"Sake yi."

Ya sake.

"Dubi yadda yatsun nan biyu suke buɗewa, ko zafi babu. Abin da nake nema ke nan wata shida." Ta taɓa babban yatsansa. "Wannan kuma me yake yi?"

"Mataji yake riƙewa."

"Ba ni shi."

Ta ja matajin, ya ƙi fita. Ta ƙara ƙarfi, sai da ta sa hannu biyu. Babban yatsan ya tsaya a danne da gefen manuni, farcen ya yi fari, ko da yake babu komai a tsakaninsu.

"Sau nawa na ce ka saki babban yatsa a bayan wuyan goge?"

"Kullum, Malama. Kuma ina saki."

"Yanzu a sake yake?"

Ya dubi yatsan. Shi dai a jikinsa ya ji a sake yake, yana hutawa. Amma ido ya nuna masa wani abu dabam.

"Ikon Allah," in ji shi a hankali. "Maigidana da ya koya mini aski, Allah ya ji ƙansa, ranƙwashi yake yi mana in mataji ya taɓa ƙasa. Sau biyu na sha. Tun daga nan bai sake faɗuwa ba."

"To ka kai matajin nan cikin kiɗa. Kana maƙale wuyan goge kamar zai faɗi ka sha ranƙwashi. Babban yatsa na kafe, sauran ta ina za su matsa? Ɗauko gogen."

"Kai, ni fa?" in ji Don Casiano. "Rabin kai za ku bar ni?"

"Rabin ma ya ishe ka, Baba, ba zance za ka je ba."

Anselmo ya fito da gogen daga bayan labule, ya zauna a kujerar masu jira, gashin mutane na ƙarƙashin takalminsa. Malama ta sa shi ya jingina gogen a ƙirji, ta ce ya saki hannuwa duka biyu su rataya. Ya saki da tsoro. Gogen bai motsa ba.

"Ka gani? Ƙirjinka da gwiwoyinka ne suke riƙe da shi. Ba ya bukatar yatsanka." Ta ɗauko matajin ta zura tsakanin babban yatsansa da bayan wuyan gogen. "Yanzu kaɗa. In ka zo wurin, ka bar matajin ya faɗi."

"Ya faɗi ƙasa?"

"Ƙasa."

Ya ɗauki sandar goge ya fara. Da ya iso wurin, hannun ya ƙi. Matajin yana nan daram, muryar ta fito yadda ta saba, aku ya amsa daga ƙofa da murna. Don Casiano ya yi dariya har ƙyallen ya zame. Karo na biyu ma haka. A na uku Anselmo ya rufe ido. Ya ga maigidansa da hannu a dunƙule, sai ya tuna mutumin ya shekara talatin a kabari, kuma shi ne ya yi masa askin ƙarshe.

Ƙwas. Matajin ya bugi siminti.

Babban yatsan ya zame gaba tare da na tsakiya, gwiwar hannu ta biyo su, manuni ya tsaya a wurinsa, tsakaninsu ya buɗe kamar zai cafi gashi. Ƙaramin yatsa ya sauka bai miƙa komai ba. Muryar ta fito cikakkiya, har katakon ya yi rawa a ƙirjinsa. Ya ja ta, ya ja ta, sai da sandar ta ƙare.

Aku ya karkata kai ya yi shiru.

"Da zafi?" in ji Malama.

Ya juya wuyan hannun. "Na jiya ne kawai. Babu sabo."

"Sake."

Cikin goma, shida suka fito daidai. Malama ta ɗauki jakarta daga ƙasa ta kakkaɓe gashi.

"Kwana biyu kar ka taɓa shi, sai kumburin ya sauka. Bayan nan minti goma da safe, goma da yamma, kar ka ƙara. Ranar idi kujera ta uku, kusa da ginshiƙi. In ka ji zafi ka ɗaga hannu ka bar sauran su wuce, babu wanda zai sani."

Anselmo ya dube ta. "Malama, ni dai... Allah ya saka miki. Ya raya miki zuri'a."

"Baba za ka gode wa. Da bai nace sai na rako shi ba, da a majami'a zan faɗa maka, ban ga hannun ba."

Anselmo ya juya ya dubi tsohon.

"Kar ka kalle ni," in ji Don Casiano. "Gwiwata ce ke ciwo. Zo ka gama mini, na yi kama da kazar da ta kuɓuce wa mahauci."

Ya mayar da gogen bayan labule, ya shafa tabon nan na gefe. Ya wanke matajin, ya gyara wa tsohon ƙyalle. Ya taje gashin sama, ya cafe, ya kai matajin babban yatsa, ya ɗaga almakashi.

Ƙwas.

Su uku suka dubi ƙasa.

"Shi ke nan," in ji Don Casiano. "An sami makaɗi, an rasa mai aski."

Anselmo bai sunkuya ba tukuna. Ya tsaya yana murmushi, yana kallon matajin kwance cikin farin gashi. Daga bakin ƙofa aku ya sake ɗauko waƙar daga farko.