Idon Gwaggo Lesieli

Lopeti ya san teku, ya kuma san gwaggonsa Lesieli, kuma a cikin biyun gwaggon ya fi tsoro. A tsibirinsu na Vava'u, a al'ada, duk abin da gwaggo ta yaba a gidan ɗan ɗan'uwanta ya zama nata, ba musu. Ta haka rediyonsa ya tafi, ta haka fitilarsa ta bi.

Bana kuwa tabaran hangen nesa yake bukata, don mai neman babban kifin teku da ake kira tuna, tsuntsaye yake fara nema. Inda suka yi cincirindo, nan kifi yake. Wanda bai hango su ba, iyalinsa gayan rogo za su ci.

Sai gogan naka ya ƙulla dabara, ya sayo biyu. Ɗaya ƙarami, baƙi, ba fasali, amma ko kwale-kwale na rawa yana nuna abu tar. Ɗayan ƙato, sai sheƙi, mai jawo nesa har hanci, wanda a kan ruwa ba ya nuna komai sai girgiza. Ƙaton ya baje a tebur, ƙaramin ya tura bayan tukwane, yana ta yaba wa kansa wayo. Ya manta wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi.

Gwaggo ta zo, ta ɗaga ƙaton, ta dire.

"Kai, ɗan nan, so kake wuyana ya karye? Ina ƙanensa?"

"Wane ƙane, Gwaggo?"

"Wanda matarka ta ce ka ɓoye a kicin." Ba yadda ya iya, ya je ya ɗauko. "Oh, ji ɗan abu mai kyau!"

Shi ke nan, an yaba. Lopeti ya miƙa da hannu biyu, yana murmushin da ya fi kuka ciwo.

Washegari ya fita da ƙaton. Ya kafa a ido, sama ta koma ƙasa, teku ta hau sama, karin kumallonsa ya koma wa kifaye. Da yamma ya dawo ko ƙaya babu, baƙin ciki fal cikinsa.

Gwaggo na zaune a barandarta, ƙaramin tabaran rataye a wuya.

"Sannu, gwanin teku! Wai me kake ta zagaye a can? Tsuntsaye na bayanka tun safe, na gan su tar. Gobe ka kawo min kifi, ka ji?"